Inda Zaka Kwana Idan Zaka Je Kallon Namun Daji Kai Kaɗai

Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya bayan sallar isha'i muna zaune a dakalin ƙofar gida a ƙauyenmu nan gefen Birnin Kudu, wani ƙanina da ya sayar da riɗinsa bana ya samu ɗan abin hannu yace min, Yaya ni fa tun ina yaro nake son ganin giwa da idona ba a talabijin ba, kuma duk abokan da na yiwa maganar sun zame, wannan yace hidimar biki wancan yace kuɗin taki, toh ni zan tafi ni kaɗai, amma a ina zan kwana? Wallahi tambayar ta min daɗi don da ita ya kamata a fara. Mutane suna fara lissafi da kuɗin mota ko na jirgi, alhali masaukin da ka zaɓa shi zai yanke maka nawa zaka kashe, da wa zaka shiga mota, ƙarfe nawa zaka isa gun dabbobin, har da abinda zaka ci da yadda zaka yi sallah. Wanda ya tafi da iyali ko abokai in abu ya karkace akwai mai tallafa masa, kai kuwa da kake kai ɗaya, mutanen masaukin nan su ne danginka na kwana uku ko huɗu.

Fara da sanin irin masaukan da ake da su

Akwai loj, wato ginin bulo ko dutse kamar otal amma a cikin daji ko bakinsa, da ɗakin cin abinci da wutar janareto ko sola, wani ma har da wurin ninƙaya. Akwai zangon tantuna, kuma kada jin kalmar tanti ya sa ka tuna na Mina, wannan tanti ne mai kauri da gado da katifa da banɗakinsa a ciki, sai dai bangonsa yadi ne kuma ƙofarsa zif, duk motsin da akai a waje kana ji. Sai filin kafa tanti na masu ƙaramin ƙarfi inda ake kafa maka ƙaramin tanti a ƙasa, banɗaki na kowa da kowa, kamar waɗanda ke Seronera a tsakiyar Serengeti ta Tanzaniya. Na huɗu shi ne irin na gwamnati a dajin Kruger na Afirka ta Kudu, su Skukuza da Satara da Lower Sabie, an kewaye su da waya, akwai shago da gidan mai da ɗakuna masu rufin ciyawa kamar bukkokinmu.

Ga mai tafiya shi kaɗai ni na fi son ƙaramin zangon tantuna wanda bai wuce tanti goma ko sha biyu ba, dalili kuwa a nan ana cin abinci a teburi ɗaya, manaja ya san sunanka, idan baka fito karin kumallo ba za a zo a duba ka. A babban loj mai ɗaki ɗari kana iya kwana uku da zazzaɓi ba wanda ya lura, kowa yana tare da nasa.

Kada ka tsallake na gida

Shawarar da na fara ba ƙanin nan nawa ita ce ya je Yankari tukun kafin ya fara maganar fasfo. Daga nan wajenmu ka bi ta Ningi ka shiga Bauchi, ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri, daga ƙofar kuma akwai kusan kilomita 40 kafin ka isa zangon Wikki inda ɗakunan kwana suke. Wannan kilomita 40 ɗin ita ce matsalar mai tafiya shi kaɗai, don haka tun daga Bauchi ka yi cinikin mota ta kai ka har ciki kuma ku yi alƙawarin ranar da zai dawo ɗaukarka, ka karɓi lambarsa, kada ka biya kuɗin dawowa sai ya dawo. An ware dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,200, akwai giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza da dorina. Ruwan ɗumin Wikki kuwa yana nan a ma'aunin zafi 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai kana hango yashin ƙasansa. Gwaggon birin wajen sun saba da mutane sosai, suna yawo tsakanin ɗakuna su da gadu, kuma sun san leda, don haka ƙofa da taga a rufe ko da minti biyu zaka fita, kuma kada ka riƙe abinci a hannu kana tafiya.

Wanda ya gama da Yankari yana son ya leƙa waje ba tare da wahalar biza ba, akwai dajin Mole a arewacin Gana, tunda ƙasar ECOWAS ce. Daga Tamale ake zuwa ta Damongo, masaukin da ke ciki a kan tudu yake, kana zaune kana hango giwaye suna zuwa shan ruwa a tafkin da ke ƙasa, kuma ana fita kallo da ƙafa tare da jami'in daji mai bindiga, wanda hakan ya fi hayar mota sauƙi nesa ba kusa ba. Ga tsohon masallacin Larabanga dab da ƙofar, ga masu jin Hausa a Tamale. Amma dazukan W da Pendjari da ke iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, dan Allah a haƙura da su yanzu, matsalar tsaro ta shafe su shekarun nan.

Zaɓi lokaci kafin ka zaɓi ɗaki

Kowa a ƙauye ya san da rani dabba ruwa take bi. Haka abin yake, a Yankari daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe dabbobi sun taru a bakin kogin Gaji. A Masai Mara ta Kenya kuwa daga Yuli zuwa Oktoba ne garken dabbar nan da suke kira nyumbu da Swahili, mai kama da ɓauna amma siririya, suke shigowa daga Serengeti tare da jakunan dawa suna tsallaka kogin Mara kadoji na jiransu, toh a lokacin ne komai yake tsada kuma ɗakuna suke cika tun watanni kafin. Tun 2024 kuɗin shiga Mara ga baƙo dala 100 ne a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba, ka ga tun kafin ka kwanta an ninka maka. Afrilu da Mayu lokacin babban ruwan sama ne a can, hanya da taɓo, wasu zangunan ma rufewa suke, amma waɗanda suka buɗe suna karya farashi sosai, kuma zaki da giwa da raƙumin dawa ba inda suke zuwa, suna nan duk shekara.

Karanta farashi da kyau, a nan ake kayar da mai tafiya shi kaɗai

Nan zan daɗe don nan na taɓa shan wuya. Kusan duk farashin da zaka gani a shafukan masaukan nan na intanet, kuɗin mutum ɗaya ne a bisa cewa su biyu zasu raba ɗaki. Idan kai kaɗai ne sai su ɗora maka wani ƙari, ni na sa masa suna kuɗin kaɗaici, hujjarsu ita ce ka tare ɗakin mutum biyu, kuma wani wurin ƙarin yakan kai rabin kuɗin kwanan ko ya fi. Lokacin da na je Kenya na ga farashin wani zango ya yi min daidai aljihu, na tura kafin alƙalami, sai da ya rage sati biyu aka turo min cikon lissafi na ga ya haura da yawa, da na yi magana aka nuna min wani ƙaramin rubutu a can ƙasan shafin. Ga tikitin jirgi na riga na yanka, ba yadda na iya, sai da na rage kwana ɗaya daga tafiyar, kuma har yau abin yana min ciwo don a wannan kwanan na so na je bakin kogi.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka rubuta musu a imel ko WhatsApp cewa ni mutum ɗaya ne, zan kwana kaza daga ranar kaza, ku ban jimillar abinda zan biya gaba ɗaya. A rubuce, ba a waya ba. Sannan ka tambaya ko suna yafe kuɗin kaɗaicin, da yawa suna yafewa a watannin da babu baƙi, kuma ciniki ba abin kunya bane, mu da muka saba da kasuwar Maigatari bai kamata a ce mun kasa neman ragi ba.

Abu na biyu a cikin farashin shi ne mota. Ɗaki ba shi ne tsadar safari, wato tafiyar kallon namun daji, ba, motar fita daji ce da direbanta, wanda shi ne kuma ɗan jagora. Idan ka ɗauki Land Cruiser kai kaɗai kai zaka biya kuɗin kujera shida ko bakwai. Hanya biyu ce mafita. Ko dai ka zaɓi zangon da kuɗin kwanansa ya haɗa da fita daji safe da yamma a motarsu tare da sauran baƙi, ko ka shiga tafiyar haɗaka da ake tashi daga Nairobi ko Arusha ta Tanzaniya, a haɗa ku mutum shida ku raba kuɗin mota, ta Nairobi galibi kwana uku ce zuwa Mara, tafiyar awa biyar zuwa shida ta garin Narok. Ta haɗakar ita ce mafi araha, amma ka tambayi sunan zangon da za a sauke ku takamaimai ka je ka duba hotunan da baƙi suka ɗauka da kansu, ba waɗanda masu wurin suka saka ba, ka kuma tambaya mutum nawa ne a motar da ko kowa yana da taga. Araha ba ta ado, kujerar tsakiya ta awa goma ba kallo bace.

Na uku, ka bambance tsakanin farashin da ya ƙunshi abinci sau uku kawai da wanda suke cewa komai da komai a ciki. Wannan komai da koman yawanci giya ce ta ƙara masa kuɗi, mu kuma ba sha muke ba, toh me zai sa ka biya? Ka ce a baka na abinci da fita daji kawai, ruwa da lemo ka saya da kanka. Sai ka tabbatar ko kuɗin shiga dajin yana cikin jimillar ko a ƙofa zaka biya, domin wannan kaɗai yana iya rusa maka lissafi.

Ciki ko waje

Ka buɗe Google Maps ka ga ainihin inda masaukin yake, kada ka yarda da sunan dajin da suka liƙa a jikin sunansu. Masu araha na Mara yawanci a wajen ƙofofin Sekenani da Talek da Oloolaimutia suke, ba laifi idan minti biyar ko goma ne zuwa ƙofa, amma akwai wanda sai ka yi awa guda a hanya mai gargada, ka iso ka tarar da layi, kafin ku shiga rana ta ɗaga zaki ya shige inuwa. Dabbobin nan da sassafe da kuma dab da magariba suke motsi, tsakar rana kwanciya suke kamar yadda shanunmu suke yi a gindin gawo. Wanda ya kwana a ciki tun da sassafe ya riga ya tsaya a kansu.

Shi Kruger nasa tsarin daban, kana iya hayar ƙaramar mota ka tuƙa kanka tunda titunan ciki da kwalta, gudun bai wuce kilomita 50 a awa ba a kwalta, 40 a ta ƙasa, kuma dole ka shige zango kafin a rufe ƙofa da yamma in ba haka ba tara ce. Hukumar kula da dazukan ƙasar, SANParks, tana buɗe kama ɗaki wata 11 kafin lokaci. Sai dai ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma a hannun hagu suke tuƙi, in baka saba ba ka biya kujera a motar hukumar ka huta.

Abinci da sallah

Wannan ba wanda zai tuna maka sai kai. Ka rubuta musu tun da wuri cewa kai Musulmi ne, baka cin naman alade, kuma kana tambayar yankan naman da suke dafawa. A Kenya da Tanzaniya sun san halal sarai don akwai Musulmi da yawa, amma karin kumallon baƙi kusan kullum akwai naman alade a ciki kuma a kasko ɗaya ake iya soya shi da ƙwai, don haka ka je ka gaisa da kuku da kanka a ranar farko, ka yi masa bayani cikin mutunci. Inda zuciyarka bata kwanta ba ga kifi ga wake ga shinkafa da ganye. Ni na tafi da ƙuli-ƙuli da dabino da garin yaji, sun min rana ƙwarai.

Ka sa ƙaramar buta da dadduma a jaka, banɗakunansu takarda kawai suke ajiyewa. Alƙibla kuma kada ka fuskanci gabas yadda ka saba a gida, daga Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu Makka tana arewa ne da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, ka duba manhajar alƙibla tun kana da sabis ka sa alama a tantin. Motar safe tana tashi wajen shida ko shida da rabi, don haka ka cika butarka tun dare ka yi alwala da asuba a cikin tantinka. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa ka zauna da malaminku kafin ka tashi. Ke ma 'yar'uwa da zaki je da muharraminki, duk tambayoyin nan naki ne, ki ƙara da neman tantin da ke kusa da ɗakin cin abinci.

Biyan kuɗi da takardu

Ka duba ko kamfanin yana cikin ƙungiyar masu safari ta ƙasar, KATO a Kenya, TATO a Tanzaniya. Kada ka tura kuɗi asusun mutum, sai na kamfani, ka karɓi rasit, ka karanta sharaɗin fasa tafiya. Katin naira ba abin dogaro bane a waje, ka tanadi na dala, kuma in zaka canji a Wapa ka ce a baka sababbin takardu marasa yagewa don tsofaffin dala ana yawan ƙin karɓarsu a can. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ya kasance tare da fasfonka. Dokar shiga Kenya ta canza tun Janairun 2024, ka karanta ta a shafin gwamnatinsu kafin ka yanki tikiti. Daga Kano ana bin Ethiopian Airlines ta Addis Ababa. Kuma tunda ba kowa a tare da kai, ka sayi inshorar ɗaukar mara lafiya ta jirgi irin ta AMREF Flying Doctors, asibiti yana da nisa daga dajin nan.

Kaya kaɗan. In ƙaramin jirgi zaka hau daga filin Wilson na Nairobi kilo 15 ne kawai kuma jaka mai laushi, ba akwati ba. Rigar sanyi mai kauri dole, Mara a kan tudu take, sanyin asubarta a buɗaɗɗiyar mota kamar tsakiyar hunturu ne a bakin fadama. Ka guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu don suna jawo tsando. Tocila, fawa banki, madubin hangen nesa, maganin sauro. Soket ɗin Kenya da Tanzaniya irin namu ne, na Afirka ta Kudu daban. Leda kuma an haramta ta a Kenya tun 2017, a Tanzaniya tun 2019, ka juye ƙuli-ƙulinka a roba mai murfi.

Daren farko

Da ka isa, kafin ka ajiye jaka ka tambayi abu huɗu, ko zangon a kewaye yake, awa nawa ake ba da wuta don caji, a ina ake samun sabis, da kuma yadda zaka kira mai gadi cikin dare, wani wurin usur suke bayarwa wani wurin rediyon hannu wani kuma ka haska tocila sama. Ka tura wa na gida sunan wurin da lambar manaja, ka gaya musu in sun ji shiru kwana ɗaya rashin sabis ne, kada hankalin Inna ya tashi.

A zangon da ba a kewaye ba doka ɗaya ce ba wasa a cikinta, bayan duhu baka fita kai kaɗai, mai gadi ne zai zo ya raka ka cin abinci ya dawo da kai. Wanda ya raka ni Bamasaye ne, wato ɗan ƙabilar Masai makiyayan yankin, dogo da jan mayafi da mashi, yana tafe yana haska gindin kowane kurmi kafin mu wuce, a wani wuri ya tsaya cak ya ɗora hannu a ƙirjina, can sai ga idanu biyu suna ƙyalli, ɓauna ce tana kiwo bai fi taku talatin ba, muka ja da baya a hankali muka zaga ta bayan kicin. Ni ko alamarta ban gani ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ka ja zif har ƙasa, kada ka bar abinci a buɗe a tanti, takalmi ka shigo da shi ciki don kura tana ɗauka, da safe kuma ka zazzage shi saboda kunama. Cikin dare zaka ji abubuwa, kukan kura, dorina tana fizgar ciyawa dab da kanka in kusa da ruwa kuke, wani lokacin gurnanin zaki da zaka rantse a bayan tantin yake alhali yana da nisan kilomitoci. Ka yi addu'arka ka kwanta, muddin kana ciki zif a rufe dabbobin wucewa suke abinsu. Haɗarin yana ga wanda ya leƙo ɗaukar hoto, ko ya ruga da gudu.

Ranar tafiya akwai akwatin ihsani a wajen karɓar baƙi wanda ma'aikata suke rabawa, masu wanki da kuku da masu gadi, ka sa abinda ya sauwaƙa, shi kuma direban da ya yi ta yawo da kai ka bashi nasa a hannu, tun farko ka ware wannan a lissafinka. Kuma kada ka sa jirgin komawa gida a ranar da zaka baro daji, ruwa ɗaya in ya sauka hanyar Narok tana iya cinye maka yini, ka kwana ɗaya a Nairobi ka tashi washegari. Ƙanin nan nawa dai mun tsayar da magana, bayan an gama sussukar gero zai tafi Wikki kwana biyu, na riga na ce ya nemi direban Bauchi tun yanzu.